Kafin a Narka Tsofaffin Bindigogin Soja, a Tsaya a Karanta Su

A Amurka da Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashen Turai, akwai mutanen da ba su da abin sha'awa kamar tara tsofaffin bindigogin da sojoji suka daina aiki da su. A gwanjo suke sayensu, su zauna su wanke daskararren giris ɗin da aka adana su da shi, su bi lambobin da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya, har su rubuta littattafai kan masana'antar da ta ƙera kowace da rundunar da ta taɓa riƙe ta. Mutumin Zamfara ko Katsina ko Maraɗi, wanda ambaton bindiga kaɗai ke tuna masa garin da aka tasa da ɗan'uwan da aka sace, yana da hujja idan ya ɗauki wannan sha'awa rashin aikin yi, ko ma abin da ya fi haka muni. Duk da haka, akwai abu ɗaya da waɗannan mutane suka gane mu ba mu gane ba: tsohuwar bindigar soja shaidar tarihi ce, jikinta cike yake da rubutu. Abin da ya kamace mu shi ne mu koyi yadda suke karanta ta da yadda suke adana ta, mu bar musu kasuwarsu da dokarsu ta ajiye makami a ɗaki. A ƙasa irin tamu, mazaunin irin wannan bindiga gidan adana kayan tarihi ne, bayan an kashe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba.

Yawan da aka ƙera ne ya haifi wannan kasuwa. Bindigar Lee-Enfield ta Ingila, wadda aka fara ba sojoji a 1895, an yi kimanin miliyan 17 nata. Mosin-Nagant ta Rasha, mai asali daga 1891, ta kai kimanin miliyan 37. M1 Garand ta Amurka ta haura miliyan 5, Jamus kuma ta zubo miliyoyin Mauser K98k daga 1935 zuwa ƙarshen yaƙin Hitila. Da yaƙi ya ƙare, sojojin duniya suka koma ga bindigogi masu sarrafa kansu, sai rumbuna suka cika da kayan da ba wanda ke so. Nan dillalai suka samu shiga. Wani Ba'amurke, Samuel Cummings, wanda ya kafa kamfanin Interarms a 1953, ya dinga bin gwamnatocin Turai yana saye rarar makamansu a farashin tsohon ƙarfe, yana kaiwa Amurka ana sayar wa mafarauta da masu sha'awa. Daga baya doka ta tsara harkar: a Amurka bindigar da ta shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi, akwai kuma lasisi na musamman ga mai tara irinta. Har wata hukuma suke da ita a jihar Alabama da ke karɓo tsofaffin Garand da aka taɓa ba ƙasashe irin su Girka da Filifin aro, ta duba su, ta sayar wa 'yan ƙasa da suka cika sharuɗɗa.

Mai tara bindiga na gaske, harbi ba shi ne babban abin da ke gabansa ba. Tambura yake nema. A jikin Lee-Enfield za a ga kambin sarauta, da shekarar ƙira, da sunan masana'anta: Enfield ko Birmingham a Ingila, Lithgow a Ostireliya, Ishapore a Indiya, Long Branch a Kanada. Akwai alamar kibiya da ke nuna kayan gwamnati ne, akwai haruffan FTR da ke nuna an taɓa mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya, wasu ma akwai ɗan faifan tagulla a ƙotarsu mai ɗauke da lambar bataliya. Mosin da aka ƙera a Tula ko Izhevsk, idan aka gan ta da haruffan SA cikin ɗan akwati, an san ta ratsa ta hannun sojojin Finlan, da yawansu kuwa ganima ce daga yaƙin da ƙasar ta gwabza da Tarayyar Sobiyet. Mauser mai haruffan byf daga Oberndorf ta fito, domin Jamusawa sun ɓoye sunayen masana'antunsu a lokacin yaƙi. Wasu Mauser ɗin Rashawa sun kama, suka wargaza, suka sake haɗawa, suka buga musu alamar X. Wasu kuma sun ƙare a hannun sojojin Isra'ila bayan 1948, tambarin 'yan Nazi da haruffan Ibrananci a jikin ƙarfe ɗaya. Ba kowane littafi ne zai nuna wa ɗalibi juyin zamani a taƙaice haka ba.

Wannan ne ya sa kalmar gyara ta zama abin taka-tsantsan a wurinsu. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da bindigogin ke arha, dubban mutane sun datse katakonsu, sun huda ƙarfensu don ɗaura madubin hange, sun goge su da samfefa sun shafa musu mai sheƙi, don su dace da farautar barewa. Yau irin waɗannan darajarsu ta faɗi ƙasa, wadda aka bari da tabonta kuwa ita ake rububi. Dalilin a fili yake: samfefa ɗaya na iya share tambarin mai binciken da ya buga wa katakon hatimi shekara ɗari da suka wuce, kuma ba ya dawowa. Daidai yake da mutum ya gaji tsohon kundin ajami, ya ga takardar ta yi ja, ya kankare rubutun gefe da malamai suka yi don shafin ya yi fes. Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a tsayar da lalacewa, kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba. Jar tsatsa mai cin ƙarfe ita ce abokiyar gaba, ana tausasa ta da mai ko a tafasa ƙarfen a ruwa ta koma baƙa, a share a hankali. Launin ƙasa-ƙasa da shekaru suka bari ba a taɓa shi. Katako man linsid ake ba shi kaɗan-kaɗan, irin wanda sojojin suka yi amfani da shi. Idan dole ta sa aka musanya wani sashe, sai a rubuta, a kuma ajiye tsohon. Hatta ramukan da ake gani cikin bututu suna da bayani: harsasan wancan zamani suna barin wani gishiri mai jan laima, shi ya sa a lokacin ake sa sojan Ingila ya zuba tafasasshen ruwa ta cikin bututun bayan harbi, bindigar da aka yi wa sakaci kuwa tana nuna sakacin har yau.

Mai tambaya zai ce ina ruwanmu da tarihin Finlan da Jamus. Ruwanmu shi ne Lee-Enfield ɗin nan kakanninmu sun saɓa ta a kafaɗa. Rundunar sojan Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila da Hausa ake ba da umarni a cikinta, tun daga dakarun da wani Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863. Harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a yaƙin duniya na ɗaya, Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas ne ya harba shi a ƙasar Togo cikin Agustan 1914. A yaƙi na biyu, runduna ta 81 da ta 82 sun ratsa dazuzzukan ƙasar Bama, suka yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunayen barikokinmu daga can suka zo: Myohaung da Arakan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Yara nawa ne a waɗannan garuruwa suka san ma'anar sunayen? Haka kuma bindigar da tsofaffin 'yan sanda ke kira Mark 4 daga wannan zuriya take. Idan aka ƙara komawa baya, tarihin faɗuwar Kano a Fabrairun 1903 da na Burmi a Yulin shekarar, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ba ya cika sai an san bambancin makaman ɓangarorin biyu. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, don haka mahaya da 'yan baka da masu bindigar toka ne suka fuskanci bindiga mai ɗurin harsashi ta baya, da bindigar Maxim mai sarrafa kanta, da igwa. Ba kuma rashin dabara ba ne, domin a Damagaram tun zamanin Sarki Tanimu ana zuba igwa a Zinder. Ɗalibin da ya ga bindigar toka kusa da tsohuwar Martini-Henry ta Ingila kusa da Lee-Enfield zai fahimci 1903 fiye da wanda aka ce ya haddace kwanan wata.

Abin da ke faruwa da ƙasar da ta raina irin wannan kaya an gan shi sau biyu a wannan ƙarni. A 2003 gwamnatin Nepal ta sayar wa dillalan Amurka abin da ke cikin tsohon rumbun makamai na fadar Lagan Silekhana a Katmandu: bindigogi fiye da 50,000, da igwa da wuƙaƙe, kaya mai nauyin tan 430. Akwai Martini-Henry da Snider na Ingila a ciki, akwai kuma waɗanda maƙeran Nepal suka ƙera da hannunsu. Yau a ɗakunan masu sha'awa suke, a warwatse. Daga wajen 2019 kuma rumbunan Habasha aka kwashe zuwa Amurka: Gras na Faransa, Carcano na Italiya, Mauser masu tambarin zakin masarautar Habasha, wato makaman ƙasar da ta karya Italiya a Adwa a 1896 ta kuma sha mamayar Mussolini daga 1935. Gaskiya ne masu sayen sun ceto da yawa daga tsatsa, sun kuma rubuta bayanansu. Amma tarin da aka raba ɗaiɗai ya rasa rabin labarinsa, domin yadda aka jera shi da inda aka same shi ma shaida ne. Mu da muka shafe shekaru muna roƙon a maido mana tagullan Benin da aka kwashe a 1897, bai kamata mu bar wani ɓangaren tarihinmu ya tafi a kan sikelin 'yan gwangwan ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ita ce ta tsaro, kuma ba abin rainawa ba ce. Bindiga mai shekara 80 tana kisa kamar sabuwa. Shugaban Amurka John Kennedy, da Carcano ta gwanjo aka harbe shi ran 22 ga Nuwamba 1963, wadda maharbin ya yi odarta ta gidan waya daga wani kanti a Chicago kan dala 19.95 haɗe da madubinta. Wannan na cikin abin da ya kai ga dokar 1968 da ta hana shigo da rarar makaman soja, har sai da aka sassauta wa na tarihi a 1984. Idan ƙasar da ke da rajista da kotuna masu aiki ta ɗanɗana haka, ina ga inda ɗan bindiga ke karɓar haraji a ƙauye? Saboda haka ban ga dalilin taɓa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba, wadda ta sa bindigogin soja, har da masu harsashin .303 na Lee-Enfield, cikin haramtattu da ba a mallaka sai da izinin Shugaban Ƙasa. Duk wanda ya ce a buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar tara su da sunan sha'awa, bai yi la'akari da cewa lasisin mai sha'awa zai zama rigar fakewar dillali ba, ɗakinsa kuma ya zama abin harin ɓarayi. Abin da nake kira a kai bai ƙara ko bindiga ɗaya a hannun jama'a ba. Rage su ma zai yi, domin iyalin da ke ɓoye da bindigar kakansu ɗan mazan jiya cikin rufin ɗaki don tsoron hukuma za su samu inda za su miƙa ta da mutunci, a rubuta sunansa a jikinta.

Sai a ce, ai kasasshiyar bindiga ma ana tayar da ita. Haka ne, idan an yi aikin ganin ido. Makaman da Amedy Coulibaly ya yi ta'asa da su a wani kantin Yahudawa a Paris cikin Janairun 2015, akwai waɗanda aka sayar a Sulobakiya a matsayin masu ƙara kawai, aka maido su masu kisa. Darasin da Tarayyar Turai ta ɗauka shi ne ta fitar da ƙa'ida ɗaya a Disambar shekarar: a toshe bututu da walda, a yanka shi, a lalata sassan da ke tayar da harsashi, sannan wata hukuma daban ta duba ta buga hatimi ta ba da takarda. Aikin da aka yi haka, tayar da shi ya fi ƙera sabuwa wuya. Daga ɗaya gefen kuma masu kishin tarihi za su ce walda ita ma ɓarna ce, ta saɓa wa ƙa'idar da na ambata ta kada a yi abin da ba ya warwaruwa. Sun yi gaskiya. Gidan makamai na Royal Armouries da ke Leeds yana ajiye nasa da ransu, amma bayan ƙofofin ƙarfe da tsaron da gidajen tarihinmu ba su da shi. Inda muke, asarar cikin bututu ta fi sauƙi a kan asarar rai, kuma tamburan da ake karantawa duk a waje suke. 'Yan ƙalilan da babu irinsu za a iya barinsu yadda suke a rumbun soja, mai bincike ya nemi izini ya je ya gani.

Akwai kuma masu ganin cewa baje kolin bindiga ɗaukaka kisa ne, balle bindigar Bature da aka murƙushe kakanninmu da ita. Amsar tana ga abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Bindigar da aka rataya ba bayani ado ce, tana iya burge yaro ta hanyar da ba a so. Wadda aka ajiye tare da bayanin abin da aka yi a Satiru a 1906, ko na ma'aikatan kwal 21 da 'yan sanda suka harbe a Iva Valley ta Inugu a 1949, tuhuma take yi. Sojan da aka ɗauka daga ƙauye, wani da son ransa wani bisa matsin hakimi, aka kai shi Bama ya yi yaƙin da ba nasa ba kan albashin da bai kai na takwaransa Bature ba, shi ma yana da haƙƙin a tuna da shi, kuma kayan aikinsa na cikin ɗan abin da ya rage nasa. Gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya daɗe yana nuna makaman yaƙin basasa, ba a ce ya tayar da wani yaƙin ba. Gidan Makama a Kano ma yana nuna kayan yaƙin da, kuma kowace sallah 'yan bindiga suna cika gari da ƙarar albarushi a gaban sarki. Mun riga mun san yadda ake raba makami da aikinsa na asali a mayar da shi al'ada.

Batun kuɗi shi ne mafi sauƙi, domin aikin na ido ne da alƙalami kafin ya zama na gini. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai ta 2006 ta ɗora wa ƙasashe tattarawa da lalata makaman da aka ƙwace da waɗanda suka tsufa, kuma cibiyar da Najeriya ta kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro tana wannan aiki. Ya kamata ta ci gaba, AK-47 da aka ƙwato daga daji ba abin da ya dace da ita sai wuta. Abin da ake buƙata shi ne kafin a kunna wutar, jami'in Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masanin makamai na soja su zaga tarin. Duk bindigar da ƙirarta ta girmi 'yancin kai a ɗauki hotonta, a rubuta lambarta da tamburanta da inda aka samo ta. A ware kaɗan masu daraja, a kashe su a masana'antar DICON ta Kaduna, wadda ke aikin makamai tun 1964, a raba wa gidajen tarihi, saura a narka. Ko wadda aka narka, bayananta sun tsira, kuma irin wannan rajista tana taimaka wa masu bin sawun makamai su gane ta ina suke shigowa. Haka ya kamata a bi tsofaffin rumbunan 'yan sanda da na gidajen gyaran hali da fadojin sarakuna. Maƙeranmu, waɗanda suka san ƙarfe da katako, ana iya horar da wasunsu aikin adanawa, a nuna musu cewa a nan gwaninta ita ce taƙaita hannu, kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

Jinkiri ne kawai ba shi da magani. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 yau ya haura ɗari, waɗanda za su iya cewa ga yadda aka riƙe ta, ga inda aka je da ita, sun kusa ƙarewa. Laimar damina tana cin abin da ke rumbu, gara tana cin ƙota, duk tarin da aka narka ba tantancewa kuma ya tafi ke nan. Majalisa ba ta buƙatar sabuwar doka kafin a fara. Takarda ɗaya tsakanin cibiyar kula da ƙananan makamai da Hukumar Gidajen Tarihi, mai cewa ba za a lalata wani tari ba sai an duba shi an rubuta, ta isa a soma da ita a zagaye na gaba.